Muhawara a zaure: "Arewa ta zama matattarar matsiyata"

Malam Bala: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Tun Nuwamban 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci, kashi 63 cikin ɗari, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Ba aljihu suka leƙa ba, gida-gida suka bi suna tambayar ruwan sha, banɗaki, karatun yara, nisan asibiti, har makamashin girki. Amma gwamnoninmu ko gezau, sai rabon shinkafa ana ɗaukar hoto. Arewa ta zama matattarar matsiyata.

Hajiya Rabi: Haba Malam! Matsiyata kuma? Da girmanka. Talaka daban, matsiyaci daban.

Malam Bala: Hajiya, lissafin za ki duba.

Hajiya Rabi: Sai ka janye tukuna. Ubana talaka ne, da fartanya ya ciyar da mu, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Matsiyaci shi ne wanda zuciyarsa ta mutu, ko da motarsa.

Ardo: Faɗa masa, Hajiya. Gwaggona na da garken shanu da rumbunan gero, amma da itace take girki, ruwan rijiya take sha. Su waɗannan masu biron sun rubuta ta a matsiyata ke nan?

Ticha Nura: Ardo, itace kaɗai ba ya sa mutum a layin matalauta. Maki ake tarawa a fannoni huɗu: lafiya, ilimi, yanayin zama, da aikin yi haɗe da iftila'i. Sai rashin ya wuce kashi ɗaya bisa huɗu. Awon kuɗi kuwa daban ne: a 2019 layin talauci shi ne naira 137,430 a shekara, aka samu kashi 40 na jama'a ƙasa da shi, ba a ma sa Borno ba saboda tsaro.

Ardo: An ji tsoron Barebari su ɓata lissafi 😂

Modu: Kai Bafillace, bawana, ka fara yin banɗaki a ruga sannan ka yi magana.

Auwalu: Ni dai a daina cewa Arewa. Sakkwato ce ke da kashi 91. A kira kowa da sunansa.

Basakkwace: To mu kira. A yawan kawuna Kano ce kan gaba, sama da miliyan 10. A lissafin kashi kuwa, Bayelsa mai man fetur ita ke bin mu Sakkwato a baya, me ya sa ba ka ambace ta ba?

Auwalu: Yawanmu ne, kuma rabinsu baƙi ne 'yan ci-rani.

Basakkwace: Kai ka ƙirga su?

Auwalu: Je ka Kantin Kwari ka gani da idonka.

Hajiya Rabi: Har yanzu dai bai janye ba.

Malam Bala: Innalillahi. Gwamnoni fa nake magana a kai!

Modu: Wane gwamna? Faɗi suna mu ga ko naka na ciki.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Taƙaitawa: an amince Malam Bala ya yi ɓaranɓarama, zai ba Hajiya haƙuri. Ticha ya kawo lissafi mai tsawo, mai buƙata ya bi shi ta bayan fage. An kuma fahimci cewa matsalar ta fi ƙamari a Sakkwato. Mu Kano albarkar kasuwa ce ta tara mana jama'a. An rufe zaure sai bayan Isha'i.

Basakkwace: Wa ya amince? Ai dama Auwalu ƙaninka ne.