Tambarin karibu: kulawa ce ko kwalliya?

Mai Zane: Jama'a, na ga tambarin wata ƙungiyar kare namun daji a Kanada, an zana karibu, barewar nan ta ƙasar ƙanƙara mai ƙaho mai rassa. Uwa ce da ɗanta a gindinta, launi biyu kacal, ruwan toka da kore-kore irin na gansakukar da suke ci. Ni dai na ce daga tambari kake gane ƙungiyar da ta damu da dabbarta.

Ƙanin Kowa: Yaya, uwa kuma da ƙaho? Ai mai zanen ya kwafsa.

Mai Zane: Bai kwafsa ba, ƙanena. A dangin masu ƙaho mai rassa, karibu kaɗai ce macenta ke yin ƙaho. Namiji yakan zubar da nasa bayan barbara, mai ciki kuwa tana riƙe nata har lokacin haihuwa, da shi take kare ramin da ta tona a dusar ƙanƙara don kiwo. Wanda bai zauna ya kalli dabbar ba, da ƙaton namiji zai zana.

Hajiyar Edmonton: Malam, zanen ya yi kyau, ban musa ba. Amma tun 1937 kan karibu ke jikin tsabar santi 25 ta Kanada, ga su nan a jakata. Garken karibu na George River, a arewa maso gabashin Kanada, ya kai wajen 800,000 a farkon shekarun 1990, a 2018 aka ƙirga kimanin 5,500. Hoto a aljihun kowa, daji kuma wayam. To me ya tsare?

Mai Zane: Hajiya, gwamnati ce ta buga kuɗi, ba masu kare dabba ba. Dubi fanda, dabbar nan ta ƙasar Sin da ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, ta sa a tambarinta a 1961, baƙi da fari, kowa ya santa. Sai an san ka ake ba ka gudummawa.

Hajiyar Edmonton: Kuɗi yake tarawa ke nan, mun yarda. Kulawa fa? Je ka ga garken karibu na Klinse-Za a lardin British Columbia. A 2013 saura 38. Mutanen West Moberly da Saulteau, 'yan asalin yankin, suka kafa shinge a kan dutse, suna kai masu ciki su haihu a ciki, ana gadi dare da rana, ana tsinko musu gansakuka da hannu. Cikin shekara takwas suka haura 100. Har kyarketai aka rage, abin da ba wanda zai so ya ɗora a tambari.

Ƙanin Kowa: Kyarkeci kuma? Me ya yi?

Hajiyar Edmonton: Hanyoyin da masu neman mai da masu yankan katako suka tsaga a daji sun zame masa titi. A da sai ya sha wuya kafin ya kai ga garke.

Mai Zane: Duk da haka shingen da kuɗi aka yi shi.

Hajiyar Edmonton: Turo min rahoton kuɗin ƙungiyar taka ta bara, Malam, in ga nawa ya je daji, nawa ya tafi buga riguna.

Mai Zane: Bari in nemo.