Neman shawara: ina so in yi aikin makaranta a kan ƙauyen Nicodemus na jihar Kansas

Ɗalibi a Hays:
Assalamu alaikum jama'a. Ina karatun digiri na biyu a garin Hays da ke yammacin jihar Kansas a Amurka. An ɗora mana aikin zaɓar ƙauye guda, mu rubuta tarihinsa da yadda yanayin ƙasa ya juya rayuwar mutanensa. Hankalina ya kwanta da Nicodemus, ƙauyen da baƙaƙen fata 'yantattun bayi suka kafa a 1877. To amma abokan karatuna sai sage min gwiwa suke yi, wai babu komai a can sai tsofaffin gine-gine biyar da iska, mazauna wurin ma ba su kai ashirin ba. Don Allah ku ba ni shawara. Wurin zai ishe ni aikin zango guda? Wane lokaci ya fi dacewa in je? Kuma yaya zan tunkari dattawan garin ba tare da na yi musu shisshigi ba?

Baba Malami:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka sauya. Abin da abokanka suke ɗauka aibi, shi ne aikin naka: me ya sa garin da ya taɓa samun banki da otal da jaridu biyu ya koma haka?

Fara da dalilin zuwansu. An soke bauta a 1865, amma a 1877 gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga jihohin kudancin ƙasar, inda aka fi yin bautar, baƙar fata suka ga rayuwa na neman komawa gidan jiya. Ga kuma dokar 1862 da ke ba mutum eka 160 idan ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar. A watan Afrilun 1877 wani Bature dillalin filaye, W. R. Hill, da wani baƙar fata malamin coci, W. H. Smith, da wasu abokansu suka kafa kamfanin garin, aka shiga majami'un jihar Kentucky ana talla. A watan Satumba mutum wajen 300 suka taso daga yankin Lexington. Jirgin ƙasa a garin Ellis ya sauke su, sauran tafiyar fiye da mil 30 kuma a ƙafa da amalanke suka yi ta.

Nan ne yanayin ƙasa ya shigo. Sun baro ƙasa mai duwatsu da dazuka da ruwa, suka tarar da fili fetal, ciyawa iyakar ganin ido, babu itace sai 'yan tsiraru a bakin kogin Solomon ta Kudu. Da me za a yi gini? Sai suka haƙa ramuka a jikin tudu, suka rufe da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, suka shiga. Willianna Hickman, matar wani malamin coci da ta iso a 1878, ta ba da labarin cewa da aka yi shelar an iso, ta duba ba ta ga gari ba, sai mijinta ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga ƙasa, ya ce ga Nicodemus nan. Ta fashe da kuka. Iyalai da dama sun juya tun a makonnin farko. Waɗanda suka tsaya sun iso bayan lokacin shuka ya wuce, ba hatsi, ba dabbobin huɗa sai kaɗan, ga hunturu a gaba. Zuriyarsu har yau suna faɗin yadda mafarautan ƙabilar Osage, 'yan asalin Amurka, da ke wucewa suka raba musu nama.

Duk da haka gari ya tashi. Ɗaya daga cikin mazaunansa, Edward McCabe, an zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas baki ɗaya a 1882. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, shekara biyar kacal bayan zaman rami.

Direban Tirela:
Ni hanya zan yi maka bayani, ƙanina, don ina bin yankin. Daga Hays ka ɗauki titi mai lamba 183 ka yi arewa har Stockton, sai ka karya yamma a kan lamba 24. Kusan awa guda ne. Idan ka ga Hill City to ka wuce shi da mil 13, ka juyo. Ka cika tanki a Stockton, ka riƙe ruwa da abincinka, kada ka sa ran sayen komai a can. Wajen sallah ma ka tafi da dardumarka. A watan Mayu da Yuni ka duba hasashen yanayi kafin ka fita, lokacin guguwa da ƙanƙara ne, kuma a filin nan babu inda za ka raɓe.

Abu ɗaya da nake so ka yi: ka ratsa ta garin Bogue, yana kudu maso yamma da Nicodemus, mil kaɗan ne, a ɗaya gefen kogin. Baba zai fi ni sanin dalili.

Baba Malami:
Madalla da ka ambaci Bogue, don shi ne zuciyar labarin. A wancan zamani garin da layin dogo bai bi ta kansa ba, alkamarsa ba ta da hanyar kasuwa. Mutanen Nicodemus sun yi iya ƙoƙarinsu, har a 1887 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da bashin dala 16,000 don jawo kamfanin Missouri Pacific, amma layinsa bai wuce Stockton ba. A 1888 Union Pacific ya shimfiɗa nasa ta kudancin kogi, sansanin ma'aikatansa ya zama Bogue. 'Yan kasuwa suka kwashe kayansu suka tsallaka, wasu har da gine-ginen shagunan. Sai fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka ƙarasa abin da ya rage, a yankin da ruwan shekara dama bai cika wuce milimita 600 ba. Gidan waya ya rufe a 1953. Ka samo taswirar layin dogon ka ɗora a kan ta kogin, rabin rubutunka ya kammala.

Yaya daga Wichita:
Ƙanina, kowa ya yi maganar ginin gari da rushewarsa, ni tambayarka ta uku ce ta dame ni. Nicodemus bai mutu ba, kuma mutanensa ba sa son a yi musu kallon kufai. Tun 1878 suke bikin tunawa da 'yanci, yanzu ana yin sa a ƙarshen makon ƙarshe na watan Yuli. Na halarta. Ɗaruruwan zuriya ne ke dawowa daga Denver da Kalifoniya da ko'ina, motoci cike da gefen titi, ana fareti, ana gashin nama, ranar Lahadi ana waƙoƙin coci. Na ga wata tsohuwa riƙe da hannun jikanta a maƙabarta, tana bin duwatsun kaburbura ɗaya bayan ɗaya tana faɗa masa wane ne ya haifi wane. Wasu iyalan har yanzu suna riƙe da gonakin da kakanninsu suka samu, sun ƙi sayarwa ko da ba sa zaune a ciki.

Don haka kada ka fara da ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Ka fara da zauren gari, ginin farar dutse na 1939, nan ne ofishin baƙi, domin majalisar dokokin Amurka ta mayar da garin wurin tarihi na ƙasa a 1996. Shiga kyauta ne. Ka kira su kafin ka taso don ka tabbatar a buɗe suke. Akwai kuma ƙungiyar tarihin garin da zuriyar da kansu suke gudanarwa, su ne za su haɗa ka da wanda yake son magana. Daga cikin gine-ginen biyar, wato majami'u biyu, makaranta, otal ɗin St. Francis da zauren, wasu mallakin mutane ne, daga waje ake kallo. Ka nemi izini kafin hoto ko naɗar murya. Kuma kada ka shiga da cewa kai ɗan Afirka ne don haka ka san zafinsu. Ka gaishe su da ladabi irin na gida, ka saurara.

Direban Tirela:
Yaya, ni dai a ganina kada ya je ranar biki. Kowa na fama da danginsa, wa zai zauna da ɗalibi? Ga zafin Yuli.

Yaya daga Wichita:
Gaskiyarka ta wannan fuskar. To ya je sau biyu mana, tunda awa guda ce. Ya fara zuwa a ranar da babu kowa, ya taka har bakin kogi, ya ga ƙasar, ya gabatar da kansa. In Yuli ta zo ya koma a matsayin wanda aka riga aka sani. Idan ya gama rubutun kuma ya kai musu kwafi, kada ya kwashi labarinsu ya ɓace.

Ɗalibi a Hays:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tsaya a kan Nicodemus. Gobe in sha Allah zan kira ofishin baƙin. Baba, in ba damuwa zan turo maka taswirar idan na haɗa, ka duba min ko na sa layin Union Pacific daidai.