Haƙƙin hanya da magudanar ruwa a filin maƙwabci

A zaman da masu gidaje suka yi a Rigasa bayan ruwan damina ya cinye gindin katangar wani dattijo, an fi daɗewa a kan tambaya guda: shin wanda ya shekara da shekaru yana bi ta filin maƙwabcinsa, ko yana sako ruwan indararonsa ta can, ya mallaki wannan haƙƙi?

Lauyan da ya halarta ya tunatar da cewa tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen jiha suna hannun gwamna a matsayin amana, kuma abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne. Saboda haka ya ba da shawarar kada a dogara ga alkawarin baka, domin ranar da aka sayar da fili ko magada suka raba gado, sabon mai shi zai iya toshe lungun da bulo. A rubuta yarjejeniya, a faɗi faɗin hanyar da inda kwata za ta bi, shaidu da mai unguwa su sa hannu, sannan a nemi shigar da ita cikin takardun fili a KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Jihar Kaduna. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi, kuma ita aka fi sakaci da ita.

Malamin unguwa ya ƙara da cewa shari'a ta hana cuta da cutarwa, ya kawo hukuncin Sayyidina Umar da ya tilasta wa Muhammadu ɗan Maslama barin magudanar ruwan maƙwabcinsa ta ratsa gonarsa, tun da ba ta cutar da shi.

Mai shirin sayen fili kuwa, ya kamata ya je ya duba shi bayan an yi ruwan sama, don ya ga inda ruwa ke bi.