Resurfacing da Hausa: ni dai na tsaya a kan "daɓen maimai"

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana da kwanaki ke nan ina kokawa da kalma ɗaya, kuma garejin gidana ne ya jawo mini.

Wanda ya zuba kankaren tun farko ya bar shi kaca-kaca. Tsakuwa ta fito fili, in ka ja tsintsiya sai ta sarƙe, ga baƙin mai ya yi taswira daidai inda mota ke kwana. Kuɗin fasawa a sake zubawa kuwa babu su. Da na leƙa intanet sai na tarar Turawa suna da sunan abin da nake nufi: resurfacing. Wato ba za ka fasa tsohon daɓe ba, gyara shi za ka yi, ka shimfiɗa masa siririn sabo a kai. To, da Hausa fa?

Na fara da birkilan da zai yi aikin, dattijo ne. Na ce, "Baba, me kuke ce wa wannan?" Ya ce, "Sikiridin, Malam." Ban ƙi ta don aro ce ba, siminti da kankare ma ai aro ne, kuma sun zauna daram. Matsalarta, in ka ce wa mai fenti sikiridin, bango zai nufa ya goge shi ya yi sumul kafin fenti. Kalma ɗaya, ma'aikata biyu, kowa da abin da ya ji. Ta haka ake rigima ranar biyan kuɗi.

"Gyaran fuska" ita ce ta fi kusa da Turancin, amma 'yan majalisa sun riga mu, sun kai ta kan tsarin mulki. "Yaɓe" na bango ne. "Kwaskwarima" kuwa ita na fi tsoro, don tana ɗauke da warin rufa-rufa, kuma rufa-rufa ce ke kashe wannan aikin.

Ga dalili. Siminti ba ya kama mai. Ka ɗiga ruwa a ƙasan garejin: in ya tsotse, wurin zai karɓi sabon daɓe, in ya dunƙule ya tsaya kamar a kan ganyen gwaza, akwai sauran mai, sai an wanke an kankare. Sannan a bi ko'ina da guduma ana ƙwanƙwasawa, inda ya yi amon ganga ya rabu da ƙasa, a fasa nan kaɗai a cike. Tudun da ya yi yawa a ci shi da injin guga mai haƙoran daimon. A nan kada a yi wasa: ƙurar kankare tana lalata huhu, a jiƙa wurin, a sa takunkumi na ƙwarai.

Sai shimfiɗar. Mai hali yana sayen garin da aka haɗa tun daga kamfani, siminti da lallausan yashi da sinadarin danƙo, wanda ke kamawa ko da kaurinsa 'yan milimita ne, sai dai yana saurin daskarewa, ba a kwaɓa da yawa. Irina kuwa, awo ɗaya na siminti, uku na yashi mai kaifi, a fara shafa ruwan siminti da aka zuba wa SBR, wani ruwan danƙo mai sa sabon siminti ya kama tsoho, a zuba kwaɓin tun bai bushe ba. Amma wannan yana son kauri, kamar inci ɗaya. Ka yi masa rowa, ya ɓamɓare kamar ƙanzo.

Kun ga ke nan aikin daɓe ne, ba shafa ba. Kuma daɓe ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu mata sun yi shi da tsakuwa da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, suna bugu suna waƙa har ƙasan ɗaki ya yi sheƙi. Kalmar ta bi mu har zamanin siminti ba ta gaji ba. Abin da ya rage shi ne "re" ɗin nan na Turawa da ke farkon resurfacing, mai nufin sake yi.

A gona na samo shi. Bayan noman fari, manomi yana komawa ya yi maimai: gonar nan dai, shukar nan dai, hannu na biyu. Ba sabuwar shuka ba ce. Shi ya sa na ce daɓen maimai. "Za a yi wa garejin daɓen maimai." Ku faɗa da ƙarfi ku ji, ba ta tuntuɓe a baki.

Na san wani zai ce maimai cire ciyawa ne, ba ƙari ba. Gaskiya ne. Amma ai daga "maimaita" kowa ke jin ta, kuma rabin wahalar wannan aiki ma cirewa ce: baƙin mai da ƙura da ruɓaɓɓen siminti. "Sabon daɓe" da wani abokina ya kawo ba ta bambanta shi da wanda aka fasa aka sake ba, alhali bambancin kuɗinsu ne ya kawo mu nan.

Wadda ta gagare ni ita ce self-levelling, kwaɓin nan mai ruwa-ruwa da ake zubawa ya bazu ya daidaita kansa. "Daɓen malala" ce ke yi mini yawo a ka. Masu gini da ke nan, ku auna mana ita.

Garejin dai yau kwanansa huɗu, ina ba shi ruwa safe da yamma, na rufe shi da tsoffin buhuna saboda iskar hunturu. Baba ya ce in na kuskura na shigar da mota kafin mako ya cika, kada in sake kiran lambarsa.