Da me Saul Bass ya motsa zanensa tun babu kwamfuta?

Mai Koyon Zane: Salamu alaikum. Fararen sandunan nan da ke shigowa a farkon fim ɗin The Man with the Golden Arm na 1955, wanda Saul Bass ya tsara zanen da ke nuna sunayen 'yan fim a farkonsa, har a ƙarshe su rikiɗe su zama karkataccen hannu, yaya aka motsa su? Kuma wanda zai gwada irinsa yau, me zai tanada?

Almakashi: Wa alaikumus salam. Irin wannan aiki hoto bayan hoto ake yin sa, da yankakkiyar takarda da kyamarar da aka kafa tana kallon tebur daga sama. Fim na cin hoto 24 a daƙiƙa, minti ɗaya 1,440 ke nan. Ka ɗauka, ka gusa takardar, ka sake ɗauka. In kana ɗaukar hoto biyu a kowane matsayi, gusawa 12 ta ishe ka a daƙiƙa. Sandar da za ta yi tafiyar santimita 24 cikin daƙiƙa 2, santimita ɗai-ɗai za ka riƙa tura ta. Ka manna rula a gefen tebur, kada ka yi da ka.

Mai Fitila: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai haske ne ke ɓata wa mutane aiki. Fitila biyu, dama da hagu, kowacce a karkace da digiri 45, sannan ka danne takardar da gilashi, in ba haka ba bakinta zai ɗaga ya yi inuwa. Ka rufe taga, ka hana kyamara daidaita haske da kanta, domin bambanci kaɗan tsakanin hotuna shi ke sa allo ya riƙa ƙyafta ido. Ƙura kuwa a kan baƙar takarda tana fitowa fes.

Tsohon Edita: Ba duka da takarda aka yi ba. Murɗaɗɗun layukan farkon fim ɗin Vertigo na 1958, John Whitney ne ya zana wa Bass su da na'urar saita bindigar harbo jirage ta zamanin yaƙin duniya na biyu, wadda ya sauya wa aiki. Amma ɗan'uwa, kafin ka kama almakashi ka nemo siffa ɗaya da za ta ɗauki labarin. The Man with the Golden Arm, fim ɗin darakta Otto Preminger, a kan mai allurar hodar heroin yake, shi ya sa Bass ya zaɓi hannu, ya bar fuskar Frank Sinatra, jarumin fim ɗin. A lokacin, sinimomi da yawa a Amurka ba sa buɗe labule sai sunayen 'yan fim sun wuce, har sai da aka haɗa gwangwanayen fim ɗin da takardar umarni cewa a buɗe shi tun kafin su fara.