Digiri na biyu a kimiyyar siyasa: ilimi ne ko ɓata lokaci?

Ɗan Zazzau: Jama'a, ƙanina ya gama bautar ƙasa, wai zai koma ABU ya yi digiri na biyu a kimiyyar siyasa. Na ce masa asarar kuɗi ce. Siyasa a mazaɓa ake koyonta, ba a aji ba. Sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 ma takardar sakandare kawai ya nema ga mai son zama shugaban ƙasa.

Uwargida: Yaya, ai ka haɗa abu biyu. Wa ya ce maka takara yaron zai tsaya? Mai kimiyyar siyasa nazarin mulki yake yi: yadda ake zaɓe, yadda jam'iyyu ke tashi su rushe, dalilin da doka ke mutuwa a takarda.

Ɗan Zazzau: To Malam Aminu Kano fa? Malamin makaranta ne, amma har gobe jam'iyyarsa ta NEPU ake ba da misali da ita.

Bakano: Ranka ya daɗe, gidan nasa na Mambayya da ke Gwammaja yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin BUK. Masu irin wannan karatun ne ke tono tarihin NEPU ɗin. Ga kuma Farfesa Attahiru Jega, a fannin ya yi digiri na biyu da na uku a Jami'ar Northwestern ta Amurka, ya zo ya riƙe INEC daga 2010 zuwa 2015. A hannunsa aka shigo da na'urar tantance katin zaɓe.

Ɗan Zazzau: Jega nawa gare mu? Ku faɗa mini aikin da yaron zai samu.

Malam na Samaru: Nan kam ina bayanka kaɗan, Alhaji. Wanda ya shiga don gudun zaman banza zai sha wuya. M.Sc., wato digiri na biyu na bincike, ba wasa ba ce: shekarar farko darussa da hanyoyin bincike, sai kundi, sai kare shi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. In malamin da ke duba ka bai da lokaci, wata biyu babi ɗaya na kan teburinsa. Ƙara da yajin aiki. Na ASUU a 2022 wata takwas ya ci. Ita M.Sc. ta mai son koyarwa ce ko digiri na uku. In ofis yake hari, ya duba irin MIAD ta ABU, ta harkokin ƙasashen waje da diflomasiyya, ko MPPA ta BUK, ta tsara manufofin gwamnati da gudanarwa. Ma'aikata aka shirya wa su.

Uwargida: Shi yaron me ya ce yana so?

Ɗan Zazzau: Wai koyarwa, wai a jami'a.

Malam na Samaru: To ai ba shi da wata hanya sai M.Sc. ɗin. Da wane sakamako ya fita?

Ɗan Zazzau: 2:1 ne, wato matakin da ke bin na ɗaya. Amma fa kuɗin makarantar ni zan biya, shi ya sa kuka ji ina ta hayaniya.

Bakano: Haba, da ka faɗi haka tun farko! Ka tura shi wajen Malam ya ga taken binciken da yake son yi kafin a sayi fom.