Tun da aka yi mini tiyatar hanci murmushina ya canza

Uwar Biyu:
Salamu alaikum. Yau sati biyar ke nan da aka yi mini aikin hanci, bayan keke Napep ya kife da mu karan hancina ya karye. Alhamdu lillahi ciwo ya tafi, amma leɓena na sama ya sandare. In na yi murmushi haƙorana ba sa fitowa, har ƙaramar 'yata ta ce, "Mama, fushi kike yi da ni?" Maganar nan ta tsaya mini a rai. Kuma in na shaƙa ruwa wajen alwala, sai ƙofar hancin dama ta manne. Ko jijiya aka yanke mini?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. A sashen kunne, hanci da maƙogwaro nake aikin jinya, muna ganin haka sosai. Hanci na da 'yan tsokoki sirara. Ɗaya tana tsakanin gindin hanci da leɓe, ita ke jan tsinin hanci ƙasa in ana dariya. Wata ta biyo gefen hanci tana ɗaga leɓen sama, wasu kuma suna buɗa ƙofofin in an ja iska. Likita yakan ɗaga fata haɗe da tsokokin kafin ya kai ga ƙashi da guringuntsi, wani lokaci ma ya saki ta gindin nan. To kumburi ne ke riƙe su. Jijiyar da ke motsa su daga ƙasan kunne take tasowa ta bi kumatu, da wuya aikin hanci ya taɓa ta. Yawanci leɓen na sakewa cikin wata biyu zuwa uku, kumburin tsinin hanci kuwa yakan kai shekara. Kada ki riƙa murza wurin.

Ɗan Tasha:
Hajiya, mannewar ce ni ta fi damuna, don na sha ta. Sa yatsa a kumatunki kusa da hanci, ki ja shi waje a hankali, ki shaƙi iska. In hanya ta buɗe, wataƙila gefen ne ba ƙarfi, tsoka kaɗai ba ta iya riƙe shi. Ni sai da aka ɗebo guringuntsi daga kunnena aka tokare wurin.

Uwar Biyu:
Na gwada yanzun nan, wallahi iska ta wuce sarai. Ranar Alhamis zan koma asibiti, zan yi a gaban likita ya gani da idonsa. Na gode, Allah ya saka da alheri.